Kanta a Yatsu Takwas

Inno ba ta taɓa son karatun nan ba, kuma ba ta ɓoye ba. 'Yarta Firdausi ta samu makin da zai kai ta likitanci kamar babanta, ta kafe wai kiɗa za ta karanta a Manchester. Abin kiɗan ma wani ƙato ne da ake kira harp, ya fi Firdausi tsayi, tsirkiya arba'in da bakwai, in za a kai shi wani wuri sai an nemo babbar mota. Baban nata, Dakta Musbahu, ya ce a ƙyale ta, ya koma asibitinsa a unguwar Edgbaston, ya bar Inno da amsa tambayoyin matan unguwarsu ta Sparkbrook a Birmingham. Shekara huɗu ke nan tana amsawa, ta gaji har ta daina ƙawata maganar.

A shekarar ƙarshe aka zaɓi Firdausi cikin ɗalibai goma sha huɗu ta zauna a gaba ita kaɗai, makaɗa saba'in suna mara mata baya. Kiɗan na wani ɗan Ajantina ne da ya rasu tun ba a haife ta ba. Wata takwas tana fama da shi, kuma sau ɗaya ake ba ɗalibi irin wannan dama. An sa ranar Alhamis.

Juma'ar da ta gabace ta, Firdausi ta zo Birmingham bikin Ihsan, 'yar ƙanwar Inno. Ta iso da azahar, idanu sun faɗa, ko abinci ba ta iya gamawa ba.

"Inno, ƙafa kawai za a yi min lalle," in ji ta. "Hannuna *please* kada a taɓa."

"An ji, sarauniyar makaɗa."

Aka ƙunsa mata ƙafa, ta kishingiɗa a kujera, barci ya yi awon gaba da ita. Irin barcin da ko ganga aka buga ba a motsawa. Hannunta ɗaya ya zamo ya rataya, nan Inno ta ga abin da ya tsaya mata a rai. Kanta ce a kan yatsun, ta yi tauri ta yi rawaya, huɗu a dama huɗu a hagu, 'yan ƙananan ne kawai suka tsira. Inno ta san kanta. Igiyar guga da taɓarya sun yi mata ita tun tana 'yar shekara tara a Ringim, kuma farkon zuwansu ƙasar nan, lokacin da Musbahu ke ta jarrabawa, ta yi shekara biyar tana goge benayen ofisoshi. Duk don kada 'yarta ta yi irin wannan hannun ta sha wahalar. Gobe kuma a zauren biki matan nan za su kama hannun yarinya su gaisa, su dubi juna.

Lalle aka hana, ai ba a hana gyara ba. Ta ɗebo ruwan ɗumi a kwano ta jiƙa yatsun, ta ɗauko dutsen goge kaushi, ta bi su ɗaya bayan ɗaya a hankali, ta shafe da man kaɗanya. Ta yi aikin da ƙauna, wannan kam ba mai musu. Da ta gama, yatsun sun yi laushi kamar na jariri, ta ji daɗi ƙwarai.

Firdausi ta farka da la'asar, ta murza babban yatsa a kan manuni, ta sake murzawa. Ba ta yi ihu ba. Da ma ta yi, da ya fi sauƙi.

"Inno, me kika yi?"

"Gyara miki na yi. Hannun budurwa kamar na mai faskare?"

"Da su nake kiɗan. Wata takwas na yi ina tara su."

"Fata ce fa, za ta dawo."

"*Not by Thursday*," in ji Firdausi, ta tashi ta shiga banɗaki da ƙunshin a ƙafa.

Aka yi biki aka watse, ta koma Manchester ran Lahadi. Litinin yatsun suka yi bororo. Talata suka fashe, ta ci gaba da bugawa har malamarta ta ga jini a tsirkiya ta ce ya isa. Zoe, wadda ta zo ta biyu, ita za ta hau a madadinta. A waya Firdausi ta faɗa wa Inno, muryarta ba fushi ba kuka, sai gajiya.

"Ki zo dai. An riga an ajiye miki *seat*."

Musbahu yana aiki ranar, don haka Inno ita kaɗai ta hau jirgin ƙasa. Tun daga tashar New Street take shirya abin da za ta ce, har aka isa tashar Piccadilly ta Manchester ba ta samu ba. Garin neman gira an rasa ido, wannan ta sani, amma karin magana ba ya zama ban haƙuri. Kunya take ji.

Firdausi ta tarye ta a ƙofar zauren, yatsu takwas a naɗe da filasta. Ta gaishe ta yadda ya kamata, ta karɓi jakarta, suka zauna a layi na shida.

Inno ta zaci irin kiɗan nan ne mai sa gyangyaɗi da ake sawa a ɗakin jiran likita. Ina! Ganguna suka fara, kiɗan yana tafe yana dukan ƙasa kamar ana sussuka. Zoe, 'yar siririya da ita, ta rungumi abin tana fizgar tsirkiya da ƙarfin da Inno ba ta zaci yana jikinta ba, can kuma ta saki tsirkiyar ta doki katakon da tafin hannu. Sai aka yi sanyi, kowa ya yi shiru, aka bar ta ita kaɗai tana jan sauti siriri mai tsawo. Daga nan makaɗan suka rufto gaba ɗaya, ita kuma dole a ji ta a samansu. Yanzu Inno ta gane. Fatar jariri ba za ta yi minti biyu a wannan aikin ba.

A nan ta ji wani abu yana taɓa mata hannu. Ta duba. Firdausi ta kafe dandamali da ido, hawaye na zuba ba ta share ba, ba ta ma san hannunta na dama ya sauka a damtsen uwarta ba. Yatsun nan masu filasta suna tafiya, suna fizga, suna tsayawa daidai inda Zoe ta tsaya, suna tashi tare da ita, ko ɗaya ba su kuskure ba. Kiɗan duka yana nan a cikinsu.

Fizgar tana da zafi, har cikin tsoka. Inno ta gyara zama a hankali don kada yarinyar ta farga, ta miƙa mata hannun sosai, ta riƙe shi a sandare har aka kai ƙarshe.