Tocila da Farin Ƙyalle

Tun da ciwo ya kwantar da Baba, haske ya zama abokin gabarsa. Labulen ɗakinsa a sake yake ko da rana tsaka, domin idanunsa ba sa jure komai. Auta, 'yarsa ta ƙarshe, mai hoto ce. Ta ɗauki amare da jarirai ba adadi da tsohuwar kyamararta mai fim, amma ba ta da hoton ubanta na kirki ko ɗaya. Tela ne shi, duk sanda ta tambaya sai ya ce, "Bari in gama rigar nan tukuna."

Ranar da likita ya ja ta gefe ya yi mata magana ƙasa-ƙasa, ta dawo gida da sabon fim.

"Kada ki harba min walƙiyar nan taki," in ji Baba.

"Babu walƙiya, Baba. Tocila ce kawai."

Ta haska shi kai tsaye, ya runtse ido, ramar fuskarsa ta fito fili. Ta laluba buhun ƙyallayensa, ta ciro wani fari ta naɗe bakin tocilar. Hasken ya yi laushi. Ta juya shi bango ya dawo kan kumatunsa, ta gwada mayar da hasken da murfin tukunya, ta gwada daga sama. Da yake hasken kaɗan ne, dole idon kyamara ya daɗe a buɗe, don haka ta ɗora ta kan keken ɗinki.

"Kada ka motsa, Baba."

"Ni da sai an juya ni nake juyawa, yau ni ake wa gargaɗin motsi?"

Ya fashe da dariya, dariyar ta koma tari. Duk sanda ta danna, sai ya sake jefo wata maganar. Can ya miƙo hannu.

"Ba ni nan, nima in gwada sana'ar taki."

Ta jingina masa kyamarar a kan matashi, ta riƙe tocilar gefen fuskarta. Ya daɗe yana leƙe kafin ya danna.

"Ashe haka kika ɗebo uwarki," ya ce.

Bai ga ƙarshen makon ba. Sai da 'yan gaisuwa suka watse ta iya kai fim ɗin wanki.

Mai wankin ya shimfiɗa mata hotunan a kan tebur. Wasu baƙi ƙirin. Wasu kamar an shafa hayaƙi, ga hula, ga kafaɗa, fuskar kuwa ta narke saboda dariya da tari. Guda ɗaya ne ya fito tangaram: ita ce, da tocila a hannu, tana murmushi, idanunta cike da ruwa.

"Wannan wa ya ɗauka?" in ji mai wankin. "Hannunsa bai girgiza ba ko kaɗan."

Ta ɗaga hoton tana kallo. Mai wankin ya nuna sauran.

"Lalatattun in zubar?"

"A'a. Haɗa min duka."

A bakin shagon yayarta ta kira, tana tambaya ko hoton Baba ya yi kyau, yara suna son gani. Auta ta ce tana zuwa. Ta zauna a kan dakali da ambulan a cinya, motoci suna wucewa, ba ta tsayar da ko ɗaya ba.