Rigar Jirgin Malam Silas

Mu bakwai ne a ƙungiyar, kuma duk Sakkwato babu wanda ya ɗauke mu masu cikakken hankali. Dattawa da furfura, kowa da iyalinsa, amma duk ranar Asabar bayan la'asar sai a gan mu da ƙananan jiragen ruwa a kafaɗa, mun nufi tafkin da masu yin bulo suka bari can bayan Ƙofar Kware. Asabar muka zaɓa saboda Juma'a tamu ce, Lahadi kuma ta su Malam Silas. Jiragen ba su da injin da ke tura su. Iska ce ke kai su, ta bugi yadin da muke ɗaurawa a jikin sanda, wanda muke kira riga. Mai jirgi yana tsaye a bakin ruwa da rimot, yana juya wutsiyar da ke sauya wa jirgin hanya, yana jan zaren riga ko ya sassauta. Ni Abdulshakur gyaran rediyo nake yi a unguwar Gidan Igwai tun kafin waya ta zo ta kashe mana kasuwa, don haka batir da wayoyin kowane jirgi ta hannuna suke bi.

Malam Silas ne ya jawo mu cikin wannan hauka. Mutumin kudancin Kaduna ne, ya koyar da aikin katako a makarantar koyon sana'a har ya yi ritaya, kuma ya fi rabin rayuwarsa a garin nan. Dokoki biyu ya kafa mana. Sabon jirgi ba ya shiga sahu sai mai shi ya kai shi ya zagaye turken da ke tsakiyar tafki ya dawo da shi. Sannan wanda ke riƙe da rimot ba a yi masa magana, ko da jirginsa zai nutse. Wannan ta biyun dole ce ta sa. Da farko in mutum na tuƙi sai mu taru a kansa kamar 'yan kallon dara, wannan ya ce dama, wancan ya ce hagu, har ranar da jirage biyu suka yi karo, alhazai biyu suka daina gaisawa.

A shekarar da nake ba da labari Malam ya sassaƙa jirgin da bai taɓa yin irinsa ba. Tun bazara yake gogarsa. Siriri ne, tsawonsa ya kai ƙugun mutum, da doguwar ƙafa a ƙasa wadda ya narka darma ya zuba mata don kada iska ta kifar da shi. Saura riga kawai. Nan Alhaji Bawa ya miƙe ya ce shi ya ɗauka.

Alhaji Bawa ɗan Ƙofar Dundaye ne, gidansu yadi suke sayarwa tun kaka da kakanni, kuma shi ne aminin Malam. Mutumin kirki ne, amma in ya kafe a kan abu gara ka je ka yi gardama da bango. Ya kawo farar shadda, irin wadda ake ɓoyewa a ƙasan kanta sai babban mutum ya zo. Bai tsaya nan ba, ya sa aka yi mata sitaci, aka kai ta wurin masu bugu ta dawo tana walƙiya.

Na ce masa, "Alhaji, shadda hwa tana shan ruwa."

Ya ce, "Kai dai tsaya ga wayoyinka. Malam na za shi sa jirgi ruwa, sai in ba shi leda awa ta sauran? Gidanmu ba a karrama mutum da tsumma."

Na koma kan wayoyina, amma raina ya ɓaci.

Ranar gwaji iska ta taso daga gabas, mai daɗi. Malam ya sa jirgin a ruwa, ya karɓi rimot, muka ja baya muka yi shiru. Gaskiya jirgin ya yi kyau, ba zan ci haƙƙin Alhaji ba. Ya tafi yana yanka ruwa, farar rigar ta cika da iska. Bai kai rabin hanya ba wata iska mai ƙarfi ta kwantar da shi, gefen rigar ya taɓa ruwa. Shadda ta sha, sitaci ya narke, ta yi nauyi. Jirgin ya yi ƙoƙarin tashi ya kasa, ya kwanta a gefensa ya tsaya cik.

Muka juya muka dubi Malam, muna jiran ya yi tsaki. Bai yi ba. Yana nan tsaye, fuskarsa a sake, yana ɗan murmushi, yatsunsa na tura sandunan rimot a hankali, yana kallon can wajen turke inda babu komai sai hasken rana a kan ruwa. Yana tuƙa jirgin da ya riga ya kwanta. Doka ta hana mu magana.

Shirun ne ya yi yawa har ya gane. Ya sauke rimot ya ce, "Ya kife, ko?"

Alhaji Bawa ya tattare babbar rigarsa ya shiga ruwa da takalmi ya ɗauko jirgin.

Washegari bayan sun taso daga coci muka je gidan Malam ni da Alhaji. Matarsa Martha ce ta tare mu a tsakar gida. Ta ce ciwon ido ne, irin mai cin gani daga gefe, ya daɗe yana ɓoyewa. Yanzu kamar ta hujin ƙofa yake leƙen duniya, kuma fari a kan hasken ruwa ba ya ganinsa ko kaɗan. Likita ya ce abin da ya tafi ba ya dawowa, ɗan abin da ya rage ma yana kan hanya.

"Baban Gloria bai so ku sani ba," in ji ta, don haka take kiran mijin nata. "Ya ce ku bari ya zagaya da wannan jirgin tukuna. Daminar baɗi ba tasa ba ce, shi ma ya sani."

Malam ya fito ya same mu. Alhaji ya ce, "Malam, mun yi shawara. Dokag ga kai kas sa ta, mu kuwa mun ɗauke maka ita. In tsaya gehenka in riƙa hwaɗa maka inda jirgi ya nuhwa."

Ban taɓa ganin Malam ya fusata haka ba. Ya ce, "Alhaji, in kai ne kake gani, ni ina tura yatsa, to wa ya tuƙa jirgin? Ai sai ka karɓi rimot ɗin in je in zauna a inuwa. Da idona zan kai shi, da idona zan dawo da shi. Ku dai samo mini rigar da zan gani."

Lokaci kuwa ba ya jiranmu. Ruwan sama ya ɗauke, tafkin yana janyewa kullum, laka na fitowa a gefe. In ya ƙara ja baya ƙafar jirgin za ta kafe a ƙasa tun kafin ya kai turke.

Alhaji ya rufe rumfarsa ranar Litinin, abin da ko rashin lafiya ba ta sa shi yi. Ya cika Keke da bandir-bandir na yadi ya kawo Gidan Igwai, inda gidan Malam yake. Muka zaunar da Malam a benci a ƙofar gida, Alhaji ya tafi can ƙarshen layi yana ɗaga yadi ɗaya bayan ɗaya, ni ina tsakiya ina isar da saƙo. Ya ɗaga shuɗi, Malam ya ce bai gani ba. Ya ɗaga kore, ya ɗaga ruwan ƙasa, ya ɗaga wani ja mai duhu da yake ji da shi. Mutanen layi suka fito suna kallo, wani ya tambaya ko gwanjo ake yi. Gumi ya jiƙe Alhaji sharkaf, bai fasa ba.

Can Malam ya ɗaga hannu ya ce, "Wannan! Wannan na gan shi sarai."

Na duba, hannun Alhaji babu komai, ya sunkuya yana kwance wani ƙulli. Abin da Malam ya gani yana bayansa. Laimar wata mai suyar awara ce, Khairiyya, wadda ke zama a bakin kwalbati. Ruwan goro ce mai kashe ido, irin launin da ko kyauta aka ba Alhaji ba zai bari ya kwana a rumfarsa ba. Ta sha hayaƙi, ga tabon mai, ga ragowar rubutun wani talla a gefe. Na je na shafa yadin, na zuba masa ruwan leda. Ruwan ya gangare bai shiga ba.

Alhaji ya daɗe yana kallon laimar nan. Ya ce, "Duk kayan ga da nik kawo?"

Na ce, "Duk."

Ya yi ajiyar zuciya, ya durƙusa ya gaida Khairiyya kamar ya je gaban surukarsa. Ta ƙi da farko, ta ɗauka ba'a ce. Sai da ya aika aka kawo mata sabuwar laima wadda ta fi tata girma sannan ta saki. Haka Alhaji Bawa ya ratsa Gidan Igwai da tsohuwar laimar awara a kafaɗa, 'yan Keke na yi masa kirari. Shi ya wanke ta da hannunsa, shi ya yanka, kuma ya tsaya a kan tela har aka gama, yana faɗa a kan kowane ɗinki. Tabon man bai fita ba.

Asabar ta zo. Tafkin ya koma kusan rabinsa, sai da muka taka laka kafin mu kai inda ruwa ke da zurfi. Martha ta biyo mu, karo na farko. Na sa sabon batir, na gwada wutsiya da zare har sai da Malam ya ce in ƙyale shi haka. Ya sa jirgin a ruwa, ya kafa ƙafafunsa, ya kafa ido a kan rigar. Mun san in ya kawar da kai sau ɗaya, nemo ta a cikin ɗan hujin nan aiki ne.

Jirgin ya tafi. Iska ta kwantar da shi, gefen rigar ya shafi ruwa, ya miƙe ya ci gaba. Na ji Alhaji yana salati a ƙasan maƙoshi. Hawaye na zuba daga idon Malam saboda rashin ƙiftawa, bai share ba. Ya kai daidai turke, ya juya wutsiya, amma ya yi sauri. Jirgin ya juyo ta gaban turken, bai zagaye shi ba.

Dukanmu mun gani. Shi ne ba mu sani ba ko ya gani. In ya dawo da shi haka, wa zai iya buɗe baki ya ce masa bai zagaya ba? Wa kuma zai iya yi masa ƙarya? Alhaji ya cusa gefen rawaninsa a baki ya cije. Ni kuwa na ji haushin dokar, na ji haushin wanda ya kafa ta.

Malam ya tsayar da yatsunsa. Ya sassauta zare, jirgin ya rage gudu, rigar na kaɗawa. Ya daɗe a haka, ya ɗan karkatar da kai. Turken baƙi ne, ba ya ganinsa a kan ruwa. Sai ya sake jan zare, ya mai da jirgin baya a hankali, ya wuce, ya sake dawowa ta can nesa. Da jirgin ya bi ta bayan turke, baƙin itacen ya raba rigar gida biyu na ɗan lokaci. Malam ya ce, "Yauwa." Ya gan shi a jikin rigar. Ya juya wutsiya, jirgin ya zagayo, ya kamo hanyar gida da iska a bayansa.

Babu wanda ya yi motsi sai da hancin jirgin ya zo ya daki ƙaurinsa. Sannan muka ɓarke da ihu, dattawa bakwai a cikin laka. Martha ta rufe fuska da gyale.

Malam ya miƙa mini rimot, ya sunkuya ya shafa rigar tun daga sama har ƙasa. Ya ɗago yana waige-waige.

"Ina Alhaji?"

"Ga ni nan, Malam," in ji Alhaji. Kafaɗarsa na gogar tasa.

Malam ya lalubo hannunsa ya riƙe. Ya ce, "Alhaji, ban taɓa ganin mummunan yadi irin wannan ba."

"Wallahi ni ma, Malam."

"To ka sani, in fitilar ta ƙarasa mutuwa, shi za ka bar ni da shi. Shi zan riƙa gani."

Alhaji ya zare hannunsa a hankali. Ya juya mana baya, ya sunkuya ya ɗauki jirgin, ruwa da laka na zuba a kan farar rigarsa, ya yi gaba.