Tudun Baba Clarrie

Sagara Noboru ya yi shekara goma sha ɗaya yana jifa a babbar gasar besbol ta Japan, wasan da wani ke jefa ƙwallo wani ya buge shi da sanda, kafin ƙungiyarsa ta kira shi ofis, ta ba shi shayi, ta ce ta gode, ta sallame shi. Shekararsa talatin da uku. Matarsa Mizue ta ce ya dawo gida Numazu, mahaifinta ya daɗe yana neman wanda zai taya shi feɗe kifi da shanya. Sagara ya ce ta ba shi wata uku kawai. Zai tafi Ostareliya, can lokacin zafi ne, ana wasa, kuma masu farautar 'yan wasa kan leƙo. In Janairu ta ƙare ba wanda ya ɗauke shi, zai sa takalmin roba ya kama wuƙa, ba sai ta sake magana ba.

To, wata biyu sun wuce, kuma jikinsa ya gama yi masa tawaye.

A Japan sau ɗaya yake jifa a mako, ranar Lahadi. Sauran kwana shida na tausa ne da wankan ruwan zafi. A nan kuwa ya yi jifa ran Alhamis, ran Lahadi a ce ya zo ya ƙarasa wasa, ran Laraba a cusa shi a jirgin sama awa huɗu gwiwa na dungurin kujerar gaba. Ƙwallon nan santsi gare shi kamar sabulu. Duk wannan ya haɗiye. Abin da ya tsaya masa a wuya shi ne tudun jifa, tsibin ƙasar da mai jifa ke tsayawa a kai a tsakiyar fili.

Tudun da ya saba da shi baƙar ƙasa ce mai laushi. Mai jifa ya taka da ƙafar gaba, ƙafar ta nutse, ta ɗan zame, ƙasa ta shanye nauyinsa. Tun yana ɗan makaranta haka jikinsa ya koyi jifa. Tudun nan kuwa jan yumɓu ne da aka daɓe har ya zama kamar kwalta. Duk takun da ya yi sai ya ji shi daga diddige har ƙugu. Da safe sai ya riƙe bango kafin ya sa wando. Ƙwallon da yake jefawa da gudun kilomita ɗari da arba'in da takwas a awa ya koma ɗari da talatin da tara, kuma masu bugu da sanda sun fara yi masa murmushi.

Kocinsu, Warwick, mai kiransa Nobu, kullum sai ya tambaye shi.

"Nobu, yaya hannu? Yaya ƙafa? Ka gaji?"

"Lafiya lau."

"Ka tabbata? Tafiyarka ta koma irin ta kakata."

"Lafiya lau, koci."

Inda Sagara ya tashi, mai jifa ba ya cewa ya gaji. Ya ga wani ya faɗi haka sau ɗaya, yana ɗan shekara sha shida. Aka ce ya je ya huta, kuma har suka gama makaranta hutun yake yi.

Mai tudun wani tsoho ne, Clarrie Dunstan, shekararsa saba'in da ɗaya. Direban jirgin ƙasa ne da ya yi ritaya. Shekara talatin yana gyara filin nan ba a biyansa, da madaɓinsa na ƙarfe wanda ba ya barin kowa ya taɓa. Ran Talata Warwick ya sanar cewa wani mai farautar 'yan wasa, Mista Liao, zai zo daga Taiwan ran Asabar, musamman don ya ga Sagara. Washegari Sagara ya sami tsohon durƙushe a kan tudu. Ya cire hula ya rusuna. Turancin nasa gajere ne, don haka ya ɗauki hanya mafi kusa.

"Baba, tudun nan ba shi da kyau."

Clarrie bai ɗago ba. "Maimaita, kunnena na hagu ya mutu."

"Ya yi tauri. A sassauta wajen taku. A sa ƙasa mai laushi."

"Ah, ranka ya daɗe! Da katifa za a kawo, ko da matashin kai?" Ya miƙe yana dafa gwiwa. "Shekara talatin, ba wanda ya ce tuduna ba shi da kyau, sai kai da aka koro daga gida."

Wannan ta shige shi.

"A Japan..."

"Jirgin Japan na tashi kullum, ɗan'uwa. Saurara. Tudun nan ba naka ba ne kai kaɗai. Mutum bakwai, takwas ke hawansa a wasa ɗaya, namu da na baƙi. Kai jifa ne aikinka. Su kuwa ran Litinin wani zai hau sandar lantarki, wani zai hau rufin gida. Ba zan haƙa musu rami ba don ƙafar mai girma ta ji daɗi."

"Kai tsoho, ka taɓa jifa a rayuwarka?"

"A'a. Amma na ga irinku da yawa sun zo sun tafi, tudu na nan."

Sagara ya mayar da hularsa bai rusuna ba. A mota ya yi ta dukan sitiyari har ƙaho ya yi ƙara. Shekara goma sha ɗaya a gaban mutum dubu arba'in, yau ga shi yana roƙon bokitin ƙasa wajen direban jirgin ƙasa! Ran Juma'a ya biya shagon masu lambu, ya sayi buhun baƙar ƙasa ta shuka furanni da ƙaramar fartanya.

Ran Asabar da hantsi Clarrie ya gama daɓe tudu, ya rufe shi da tamfal, ya tafi cin abinci kamar yadda ya saba. Minti arba'in yake yi. Sagara ya yaye tamfal, ya fasa yumɓun wajen taku, zurfin tafin hannu, ya kwashe, ya zuba baƙar ƙasa, ya tattake, ya barbaɗa jar ƙura a kai. Ya mayar da tamfal. Ko a jikinsa. A ransa cewa yake, gyara ya yi.

Ƙarfe huɗu aka fara. Mista Liao na zaune bayan raga da farar hula, da littafi, da na'urar auna gudun ƙwallo. Jifan farko, ƙafar Sagara ta nutse, ta zame kaɗan, ƙugunsa ya buɗe kamar ƙofar da aka sa wa mai. Ƙwallon ya faɗa safar hannun mai cafka da ƙara, tas! Allon fili ya nuna ɗari da arba'in da bakwai. Ya kusa yin kuka. Zagaye uku, mutum tara suka fito da sanda, tara suka koma suna zagin iska. Mista Liao sai rubutu yake.

Amma ƙasar lambu ba ta riƙe komai. Kowane taku sai ramin ya ƙara zurfi. Mai jifan baƙi, Dario Vella, dogo ne, mai aikin rufin gidaje, 'ya'yansa uku na tsalle a bakin waya suna kiran sunansa. Takunsa ya fi na Sagara tsawo da kaɗan, don haka a bakin ramin yake sauka. Sau biyu ya tsaya yana share wurin da takalmi yana gunaguni. A ƙarshen zagaye na uku ya ɗaga ƙafa ya taka, gefen ramin ya rufta, idon sawunsa ya juye. Har benci aka ji ihunsa.

Mutum biyu suka ɗauke shi. Da suka zo wucewa ta gaban Clarrie, Vella ya ɗago kai.

"Clarrie! Tsufa ya kama ka ne? Wannan tudu ne ko kabari? Ina da rufi biyu ran Litinin, wa zai hau mini, kai?"

'Yan kallo suka ɗauka. "Ka yi ritaya, tsoho!" "A sayo masa tabarau!"

Alƙalin wasa ya tsayar da wasa, ya ce a gyara. Tsohon ya turo baro da yumɓu da madaɓi, ya durƙusa, ya tura hannu cikin ramin. Ya ɗebo, ya murza, ya kai hanci. Ya daɗe a haka. Sannan ya juyo, ya yafito Sagara da yatsa ɗaya.

Sagara ya taho, don bai ga yadda zai ƙi ba.

Clarrie ya buɗe tafin hannu daidai yadda su biyu kaɗai za su gani. Baƙar ƙasa, har da ƙananan fararen ƙwayoyin taki.

"Tumatir za ka shuka mini?"

Sagara ya kau da kai daga tafin hannun.

"Ka ji abin da suke kira na? Jikata na can zaune tana ji." Muryar Clarrie ƙasa-ƙasa take, amma kowace kalma da haƙori take fita. "Zaɓi biyu gare ka. Ko in kai wa alƙali wannan, ya kore ka a gaban mutumin Taiwan ɗinka, labari ya riga ka isa gida. Ko ka kwashe ƙazantarka da hannunka, ka daɓe mini tuduna yadda ka same shi."

"Baba, ni zan yi jifa yanzu. Hannuna..."

"Yanzu na zama Baba? Shi Dario da ƙafar aro ya zo? Karɓi."

Madaɓin ya kai kilo goma. Sagara ya kwashe baƙar ƙasa da shebur, Clarrie ya yayyafa ruwa, ya jera yumɓu, ya ja da baya ya harɗe hannuwa.

Dim. Dim. Dim.

"Da ƙarfi. Ba tausa na ce ka yi masa ba."

Warwick ya rugo daga benci. "Nobu, ka haukace? Ajiye wannan abin! Clarrie, mene ne haka?"

"Shi ya roƙa," in ji Clarrie. "Ko ba haka ba, ranka ya daɗe?"

"Ni na roƙa," in ji Sagara, bai kalli kowa ba.

Sai mai sanarwa ya ga abin sha'awa. Ya ce jama'a su dubi tarbiyya, a Japan 'yan wasa da kansu suke gyara fili tun suna yara. Fili ya ɗauki tafi. Waɗanda suka gama zagin Clarrie yanzun nan suka miƙe tsaye suna fito. Har Mista Liao ya ajiye biro ya tafa. Wannan tafin ya fi zagi ƙona Sagara. Ya ɗaga madaɓin ya maka, ya ɗaga ya maka, yana ganin fuskar tsohon a cikin yumɓun, da fuskar mutumin da ya ba shi shayi a ofis, da tasa. Clarrie ya ƙara yumɓu sau uku. Sau uku yana taka wurin da diddige yana cewa, "Saura."

Da aka gama, yatsun Sagara sun ƙi rufuwa a kan ƙwallo.

Jifan farko a zagaye na huɗu, ƙafarsa ta sauka kan kwalta, zafin ya harba har ƙeya. Ɗari da talatin da shida. Mai sanda ya aika ƙwallon bayan fili. Na biyu ya wuce kan mai cafka ya daki raga daidai fuskar Mista Liao. Mutum biyar suka fito, bai iya fitar da ko ɗaya ba, huɗu suka zagayo gida suka ci maki. 'Yan kallon da suka tafa masa suka koma cin soyayyen dankalinsu.

Warwick ya taho a hankali, hannu a aljihu. Ya tsaya gabansa.

"Zan sake tambaya, ko da na san amsar. Ka gaji?"

Sagara ya buɗe baki, "lafiya lau" na kan harshensa kamar kullum. Ya hango Vella a bencin baƙi, ƙafa cikin bokitin ƙanƙara, ƙaramar 'yarsa na riƙe da hularsa.

"Na gaji," ya ce. "Ƙuguna. Tun makon farko. Tudun ne."

Warwick ya cire hula ya buga ta a cinya.

"Tun makon farko! Wata biyu ina tambayarka kamar mai bara! Da ka faɗa, da na hana ka jifan Lahadi. Da na tura ka wajen Clarrie ya rage maka ƙusoshin takalmi ya gyara maka taku. 'Yan ƙasarku biyu ya yi wa haka, ɗaya yana wasa a Amurka yanzu. Kai me ka ce masa?"

"Na ce tudunsa ba shi da kyau."

Warwick ya mayar da hularsa. Ya miƙa hannu. Sagara ya sa masa ƙwallon.

Kafin ya kai benci, Mista Liao ya riga ya sa na'urarsa a jaka, yana neman hanyar fita tsakanin kujeru. Sagara bai zauna ba. Ya wuce bencinsu, ya zagaya bayan raga yana ɗingishi, ya nufi bencin baƙi. Clarrie na jingine da baronsa a hanya, bai matsa ba.

"Ina zuwa kuma? Akwai sauran abin da ba ka fasa ba?"

"Zan gaya wa Vella wanda ya haƙa ramin."

"Zai fasa maka baki."

"Na sani."

Clarrie ya dube shi sama da ƙasa, ya ja baron gefe kaɗan, daidai wucewar mutum ɗaya.

"Ka faɗa da ƙarfi," ya ce. "Jikata na zaune a layi na uku."