Maɗaurin Takalmin Ƙarangiya

Akwai wani takalmi a ƙasan akwatin kayan aikina, ƙarƙashin gwangwanin ƙusa. Ɗan jan sandal ne, lamba ashirin da biyar, maɗaurin ƙafar hagu ya tsinke. Na 'yata ne. Ƙarangiya muke ce mata, don in ta kama ƙafar wandona sai an ɓamɓare ta. Kullum a juye take sa takalmi, na hagu a dama, na dama a hagu, na yi faɗa har na gaji. Wata Litinin ta miƙo min shi da hannunta ta ce, "Baba, gyara." Na ce gobe. Talata ma na ce gobe. Shekara ashirin da biyu ina gyaran takalman mutane a rumfata ta bakin tasha, mai sauri ba ya minti goma a tsaye, amma 'yar gida ai ba guduwa za ta yi ba. Laraba zazzaɓi ya kama ta, Asabar muka kai ta makwancinta. Shekararta huɗu.

Yau shekara biyu ke nan. Uwarta ta san inda takalmin yake, na san ta sani, kuma ba wanda ya taɓa ɗaga maganar. Muna gaisawa, muna cin abinci, yayyenta biyu suna zuwa makaranta. Ban yi kuka ba a lokacin, mutane suka yi ta yaba min da tawakkali. Ba wani tawakkali. Ban ji komai ba ne kawai, kamar ƙafar da aka daɗe zaune a kanta, kuma har yau ba ta sake ni ba.

Ƙanwata malamar makaranta ce. Lasifika muke kiranta tun tana ƙarama, dalilin ba sai na faɗa ba. Tun da aka fara ruwan bama-bamai a Gaza ba ta zauna ba. Tana cikin wani kwamiti na masu goyon bayan Falasɗinawa, yau raba takardu, gobe jerin gwano, jibi ta faɗa kicin ɗin matata tana duba bayan kwalaye, wai wannan ba a saye, wancan ma ba a saye, kamfanoninsu na goyon bayan Isra'ila. In ta zo rumfa sai ta tura min waya a fuska. Na kan kalla, na ga ɓaraguzai da mutane suna tono da hannu, na ce innalillahi, sannan na juya na tambayi mai takalmi baƙi zan shafa ko ruwan ƙasa. Ta taɓa ce min, "Yaya, kai dutse ne a ƙirjinka?" Na ce mata mai yiwuwa.

Ranar wata Talata sai ga ta da buhu shida a bayan motar haya.

"Yaya, aiki na kawo maka, kuma ban yarda ka ce min a'a ba."

Wai ranar Asabar za su jera takalman yara ɗari uku a filin da ke gaban ɗakin karatu na gari. Kowane takalmi da katinsa, a jiki an rubuta suna da shekarun wani yaro daga cikin waɗanda aka kashe a can. Iyaye sun ba da takalma, amma matan kwamitin, Allah Ya saka musu, sun juye komai a buhu, wari a nan, wari a can.

"Haɗa su kawai za ka yi, ka ɗan goge. Kai ne ka san kansu."

Na karɓa don aikina ne, ba don wani abu ya motsa a raina ba. Kwana uku na yi a kai. Haɗa wari da warinsa ba a launi yake ba, don kambas fari iri ɗaya na samu ya fi arba'in. A ƙasa ake dubawa. Yaron da yake jan ƙafa, dunduniyar takalminsa kan cinye ta waje, duka biyun. Mai buga ƙwallo da takalmin makaranta, bakin na dama ne yake fara buɗewa. Wanda ya gaji na wansa za ka ga sawun yatsu biyu a ciki, babba da ƙarami. Na wanke, na shafa gam inda ya ɗago, na ɗaure kowane biyu da zare. Da na buɗe akwati neman ƙusa sai na ɗaga gwangwanin da hannun hagu, idona a kan titi. Na daɗe da ƙwarewa a wannan.

Juma'a da la'asar na kai kayan ajin da Lasifika take koyarwa. Sun ture bencina gefe, ɗalibai manya da matan kwamitin suna ta cusa katuna a takalma, duk wanda hannu ya kai. Na ajiye buhun ƙarshe zan fita, idona ya faɗa kan wani sau-ciki lamba talatin da shida. Katin ya ce shekara biyu.

"Wa ya sa wannan?"

Wani ɗalibin jami'a mai gilashi ya ce, "Ni ne, Baba. Ai alama ce kawai, ba wanda zai duba lamba."

"Ɗan shekara biyu zai sa talatin da shida? Ciki zai kwanta? An kashe yaro, sannan a rasa abin da za a ba shi sai takalmin wani ƙato?"

Kowa ya juyo yana kallona. Ni ma na yi mamakin muryata. Lasifika ta dube ni, ta buɗe baki, karon farko a rayuwarta ta mayar ta rufe. Na ce a zare katunan duka, aikin nan harara a duhu ne, a sake.

Na zauna a ƙasa, suna karanto min, ina miƙa takalmi. Namiji, sha ɗaya. Mace, bakwai. Namiji, bakwai, sunan mahaifi ɗaya da ta bayan, na nemo musu masu kama da juna. Sunayen suna wucewa ta kunnena ina jin su kamar lambar takalmi, ban ɓoye muku ba. Sai mai gilashin ya tsaya da wasu katuna a hannu, sun fi ashirin.

"Baba, waɗannan fa? Wata uku. Wata biyar. Wannan kwana tara."

Na ce, "Waɗannan ba su taka ƙasa ba. Ku ajiye katin haka, ku ɗora dutse kada iska ta ɗauke."

Wata daga cikin matan ta fita waje da gyale a fuska. Ni kuwa na ce a karanto na gaba.

Asabar da hantsi muka jera su a filin, layi-layi, ƙanana a gaba. Mutane suka fara taruwa da tutoci da kwalaye. Wani ya hau kan benci ya soma zagin Yahudawa, Lasifika ta karɓe abin maganar daga hannunsa ta ce ba faɗa da addinin kowa ya tara mu ba, da aƙidar Sahayoniyanci da mamayar ƙasa muke, wanda ya zo da wata ƙiyayyar ya koma da ita gida. Tana saukowa ta nufo ni da kati ɗaya.

"Yaya, saura wannan, a ƙasan kwali ya maƙale. Ƙananan takalman sun ƙare. Ga kambas lamba talatin nan, a sa mata hakanan."

Na karɓa. Mace, shekara huɗu.

Na ce, "Zai yi mata yawa."

"Yaya, lokaci..."

Ta sake duban katin. Ina jin a lokacin ta tuna da Ƙarangiya. Ta miƙo hannu za ta karɓe katin, na sa shi a aljihu na ce ina zuwa.

Daga filin zuwa tasha tafiyar minti goma sha biyar ce. Na buɗe rumfa, na jawo akwati, na ɗaga gwangwanin ƙusa, wannan karon ina kallo. Ƙura ta sa jan ya ɗan dusashe. Na juya ƙasansa don hannu ya saba. Ya cinye a inda bai kamata ba, kowane wari ta gefen da ba nasa ba, saboda yadda take sa shi a juye. Na zare jan zare, na goga masa kakin zuma, na huda da basilla. Na mayar da maɗaurin mazauninsa.

Ɗinki bakwai ne. Na ƙirga. Ko minti biyar ban yi ba.

Na zauna da shi a cinya na ɗan lokaci ina jiran in ji wani abu. Mota ta wuce, wani ya leƙo ya ce ana aiki ne, na ce a'a. Na goge takalmin da gefen rigata, na rufe rumfa.

Da na koma an fara karanta sunaye, filin ya cika. Na ratsa ta gefe, na durƙusa a layin gaba, na ajiye shi tsakanin wani silifa shuɗi da katin mai kwana tara, na sa katin yarinyar a ciki. Ina miƙewa na ga matata. Ban san za ta zo ba. Tana tsaye da yaranmu biyu, taku uku daga inda nake, ba ni take kallo ba.

Ta matso. Ta daɗe tana duban maɗaurin.

"Ka gyara," ta ce.

"Na gyara."

Ta durƙusa a hankali, ta ɗauki na hagu ta mayar dama, na dama ta mayar hagu, yadda Ƙarangiya take sawa. Sai katin ya faɗo. Ta ɗauka, ta karanta sunan leɓenta yana motsi, ta karanta shekarun. Ta jima a haka, mai karanta sunaye yana ta yi a bayanmu. Sannan ta sake kai hannu ta mayar da takalmin daidai, hagu a hagu, dama a dama, ta gyara wa katin zama.

"Ban san yadda ita wannan yarinyar take sa nata ba," ta ce. "Uwarta ce ta sani."

Na zauna a ƙasa kusa da ita a gaban mutane, na riƙe gefen mayafinta kamar yadda Ƙarangiya take riƙe wandona.