Kwalbar Malam Kabo

Shekarar da fitsari ya tsaye wa Malam Kabo na Yasore, Turawa na nan da mulkinsu, kuma mutumin ƙauye ba ya zuwa asibiti da ƙafarsa sai an ɗauke shi. Shi ma ɗaukarsa aka yi. An sha rubutu, an sha sassaƙe, mara sai ƙara kumbura take kamar tulu. Babban ɗansa Rabe ya ɗora shi a jaki zuwa Batsari, daga nan motar gyaɗa ta kai su birni.

Likita Bature ya zura masa wata siririyar jar roba ta gaba, fitsari ya bi ta ciki yana sauka a kwalbar da aka ajiye ƙarƙashin gado. Malam ya yi ajiyar zuciya, ya juya fuska ga bango. Tun daga nan bai ƙara haɗa ido da ɗansa ba.

Malamin asibitin da ke kula da ɗakin, Jafaru, mutumin Safana ne, ga faɗa kamar me, amma hannunsa da sauƙi. Kowace safiya sai ya wanke hannu da sabulu har gwiwar hannu, ya goge wurin da robar ta shiga da tafasasshen ruwa, ya ɗauke kwalbar jiya ya kawo wankakkiya. Ran farko ya ja Rabe gefe.

"Malam Rabe, ka ji ni da kyau. Kwalbar ga, ƙasa ne mazauninta. In ka ɗaga ta, abin da ya hito shi zai koma ciki, kuma da ƙazanta zai koma. Kada ka taɓa robar, kada ta lanƙwashe. Ka yi ta ba Baba ruwa ya sha."

"Na ji," in ji Rabe.

Ya kuwa ji. Tun da suka baro gida babu abin da yake ji a ransa, ba tsoro ba tausayi, sai dai a ce yi ya yi. Ya ba da ruwa, ya kori ƙuda, ya zauna a tabarma yana kallon ɗigon da ke sauka a kwalba. Malam ya fara samun sauƙi, har yana shan kunu.

Ranar wata Juma'a sai ga mutanen gida sun biyo mota dubiya. Rabe ya hango su ta taga suna tuɓe takalma: Lawal na Karare, surukin Malam, da dattawa masu furfura waɗanda duk a zaurensa suka karanta babin tsarki. Malam ma ya ji muryoyinsu. Ya dubi gefen gado inda kwalba take a fili, rabinta cike, sannan ya dubi ɗansa, karon farko tun zuwansu.

"Rabe, rufa mani asiri."

Rabe bai yi tunani ba, hannunsa ne ya yi aikin. Ya ɗauko kwalbar, ya naɗe robar, ya kafa ta bisa gado tsakanin uban da bango, ya tokare ta da nannaɗaɗɗiyar riga, ya ja gwado ya rufe komai.

Mutanenmu kuwa in sun zo gaisuwa ba su san a taƙaita ba. Aka gaida Malam, aka gaida mai jinya, aka tambayi gero da dawa, aka koma kan jiki, kowa da tasa addu'ar. Daga azahar har la'asar ta yi sanyi suna zaune. Jafaru yana can ɗakin masu karaya. Da baƙin suka fita, Rabe ya mayar da kwalba ƙasa, ya warware robar.

Ba a jima ba zazzaɓi ya sauko. Malam yana rawar ɗari har gadon ƙarfe na kaɗawa, fitsarin ya yi kauri ya yi wari. Jafaru ya ɗaga kwalba yana dubawa, ya juyo.

"An ɗaga ta?"

Rabe ya buɗe baki, amma uban ya riga shi, idonsa a rufe.

"Ba wanda ya taɓa ta, ɗana."

Jafaru ya dube su, bai yi faɗan da ya saba ba. Ya sake roba, likita ya zo ya yi allura, aka yi ta shafa masa ruwa. Malam bai ga wata Juma'ar ba.

A Yasore aka yi zaman makoki a ƙofar zaurensa. Rabe yana karɓar gaisuwa, yana amsawa daidai, idonsa a bushe. Yana jira abin ya taso masa, bai taso ba. Can sai Lawal ya gyara zama, ya ɗaga murya don kowa ya ji.

"Ni shaida ne, mun tahi mun gani. Mutum na ciwon mara, amma wallahi ko alamar najasa ba mu gani kusa da Malam ba. Tsab muka iske shi, kamar a zaurensa. Rabe, yadda ka rufa wa mahaifinka asiri, Allah ya ba ka ɗan da zai yi maka haka."

Jama'a suka ɗaga hannu. Rabe ya dubi tafin hannunsa na dama, sannan ya haɗa shi da na hagu.

"Amin," ya ce.