Ƙwai Arba'in Babu Jini

Rinske ta sauka ɗakin ƙasa da kwandon ƙwai da tocila, ta ja ƙofa don a samu duhu. Kwana takwas ke nan ƙwan suna cikin injin ƙyanƙyasa. Ta haska na farko, tas yake, babu ko zaren jini. Na biyu ma haka. Haka ta bi su ɗaya bayan ɗaya har na arba'in. Karo na biyu ke nan a wata guda, ko ɗaya bai ɗauka ba.

Kajin nan masu ɗigon zinare babansu ya bar musu, ita da yayanta Wiebe, kuma kaf ƙauyukan yankinsu na Dokkum, can ƙasar sanyi, babu mai irinsu. Saura tsofaffin mata bakwai da zakara ɗaya tilo. Idan bana ba a samu 'yan tsaki ba, baɗi matan sun daina ƙwai, irin ya tafi ke nan.

Ga shi zafi ya sako gari gaba, mako uku ko ɗigon ruwa babu. Shi kuwa marigayi, da ya tashi gina akurki, sanyi kaɗai ya sani: bango biyu da ciyawa a tsakani, ga tagar gilashi tana kallon kudu don ta kamo rana. Abin da ya raya kajin shekara hamsin shi ne yanzu yake gasa su. Rinske ta rufe gilashin da jiƙaƙƙun buhuna, ta kai musu fankar ɗakinta, ta juye ƙanƙarar firji a ruwan shansu. Duk da haka suna kwance baki buɗe, fiffike a sake, ba sa ko kallon tsaba. Ɗan ƙwan da suke yi ma, ɓawon kamar takarda.

Wiebe yana kicin yana yanka cuku lokacin da ta hau.

“Nawa?” ya tambaya.

“Babu.”

“Na faɗa miki. Wannan zakaran naki sai dai cara, ya zama agogo kawai. Kin san dokar Baba, zakaran da ya ba da ƙwan banza sau biyu, tukunya.”

“Kai ma shekara nawa kana cin abinci a gidan nan babu abin da ka ƙyanƙyashe? An sa ka a tukunya?”

Ya yi dariya, ita ba ta yi ba. Ta zauna ta rufe fuska da hannu biyu. “Ni ba zan iya yanka shi ba, Wiebe. Zakaran nan a aljihun rigata ya girma.”

Tsoro ne ya cika ta. Ta ɗauki ƙwai shida, ta hau keke da tsakar rana, ta bi bakin magudanar ruwa zuwa wurin likitar dabbobi. Kwalta har laushi take yi a ƙarƙashin taya.

Likita Femke, yarinyar da aka haifa a gaban idon Rinske, ta fasa ƙwai biyu a faranti ta duba.

“Shekarar zakaran nawa?”

“Uku.”

“To ai bai tsufa ba. Zafi ne. Idan ya yi tsanani haka, ƙarfin zakara yakan mutu, ko ya hau kaza babu abin da zai shiga. Amma ba dindindin ba ne. Ki sa shi inda ya fi ko'ina sanyi a gidan, ɗakin ƙasa ma ya yi. Idan gari ya huce, ki ba shi mako biyar ko shida, sai ki sake tara ƙwai.”

“Zai dawo?”

“Galibi suna dawowa. Mu ne dai ba mu saba ganin haka ba a nan.”

Rinske ta manta ko godiya ba ta yi ba. Ta taka keken kamar 'yar shekara ashirin, tana lissafi a ranta: Satumba ta tara ƙwai, Oktoba a ƙyanƙyashe, ta raine su a kicin kusa da murhu har hunturu ya wuce. Dariya take yi ita kaɗai a hanya.

Tun daga ƙofar shinge ƙanshi ya tare ta, albasa da karas da ganyen miya. Ta saki keken ya faɗi. A gefen famfo ga bokiti, cike da gashin zakara mai ɗigon zinare, jiƙe.

Wiebe yana tsaye gaban tukunya, ya ɗaura zanen girkin mahaifiyarsu, idonsa ja.

“Kin ce ba za ki iya ba,” ya ce a hankali. “Shi ya sa na bari sai da kika fita. Bai sha wuya ba, Rinske, na yi sauri.”

Ta dafa bango.

“Mako shida, in ji Femke. Zafi ne kawai. Mako shida, ya warke.”

Ya tsaya yana kallonta, ludayi a hannu. Can ya juya ya kashe wutar, ya rasa inda zai ajiye ludayin.

“Babu wani ƙwan a injin?” ya tambaya.

“Babu,” ta ce.