Rigar Mai Fito

Ranar Talata, tara ga Satumba, Sairagul ta rasu a bakin taga da allura a hannunta. Orozbek yana lambu yana tsinke tuffa. Da ya shigo ya tarar da ita zaune ta jingina da bango, rigar da take ɗinkawa tana kan cinyarta, an gama hannu ɗaya, ɗayan ko yanka shi ba a yi ba. Sau biyu ya yi mata faɗan shayin da bai zo ba kafin ya lura.

Shekararsu arba'in da uku da aure. A cikinsu ya yi talatin da takwas yana koyar da adabi a makarantar ƙauyen, ga yaran da yawancinsu suka girma suka zama dillalan tayar mota. Mutane sun zo ta'aziyya, sun ci nama, sun ce mutuniyar kirki ce, kamar wani ya yi musu. Bai yi kuka ba. Ya gyara wa liman karatu a wuri ɗaya.

Rigar ta Nuriza ce, jikarsu mai shekara goma sha ɗaya, wadda iyayenta ke aiki a Mosko suka bar ta a hannunsu. Duk watan Oktoba makaranta takan yi bikin kaka. A cika zaure da kabewar da aka fafe aka yi wa fuska, da 'yartsanar ɓawon masara, da jajayen ganye da aka goge da dutsen guga aka liƙa a kwali, sannan kowane yaro ya yi shigar wani da yake so a cikin littafi. A wurin Orozbek wannan asarar kayan miya ce kawai. Bana Nuriza ta ce Mai Fito za ta zama, Sairagul kuwa ta yi murna har ta fito da kiyiz mai ruwan toka, ulun tumaki da ta danƙare da hannunta ta ajiye tun bara.

Mai Fito tsohuwar 'yar gida ce. A hunturun farko na aurensu Orozbek ya ɗauko wani ƙaton littafin Rasha ya riƙa karanta wa amaryarsa yana juya mata shi da Kirgizanci, domin ita a wurin makiyaya ta tashi, Rashancinta bai wuce na sayen gishiri ba. Labarin wani ma'aunin ƙasa ne da gwamnati ta tura lardi mai nisa. A shafi na ɗari biyu da takwas mutumin yana tsaye bakin kogi. Shafin da ke biye shi ne na ɗari biyu da ashirin da biyar, mutumin ya riga ya haye. Sha shidan da ke tsakani mahaifin Orozbek ya naɗe taba da su. Kunya ta hana shi faɗa wa amarya haka. Tunda dole wani ya haye da mutumin, sai ya ƙirƙiro mai fito: doguwar mace mai jan gashi, da riga mai maɓallai kala-kala, da agwagwa a hammata. Ma'aunin ƙasa ya yi mata dogon jawabi a kan ilimi da ci gaba, ta bar shi ya kai aya, sannan ta ce, “Ka gama? To riƙe agwagwa.”

Sairagul ta yi dariya har ta ƙware. Tun daga nan duk shekara in an gama kwashe tuffa sai ta ce, “Malam, ɗauko mana Mai Fito.” Babin ya yi ta girma. Wani lokaci ta gyara masa: “Bara ai ka ce agwagwar fara ce.” Ya ce kuskuren fassara ne.

Ran Litinin, washegarin sadakar arba'in, Nuriza ta dawo daga makaranta ta dire wani sabon littafi a gaban kakanta, wanda take kira Ata.

“Ata, babu ta.”

“Wa?”

“Mai Fito. Sabuwar malamarmu ta ce bana kowa sai ya kawo littafinsa ya karanta wurin da mutumin nasa ya fito, don bara rabin aji daga waya suka kwaso shigarsu. Namu ba shi da shafukan, sai na aro na laburare.”

“Bugun zamani ne. Yanke abubuwa suke yi don takarda ta yi tsada.”

“Ba abin da aka yanke. Ga su nan duk sha shidan. Gada ya bi, Ata. Akwai gada. Sauran duk maganar harajin gona ce.”

Orozbek ya ɗauki littafin. Ya karanta littattafai sun fi dubu, amma shekara arba'in da uku yana kauce wa cikakken bugun wannan kamar mai kauce wa tsohon abokin gaba. Ya duba. Gadar ma ta katako ce, an ba ta layi ɗaya. Ya ji wani abu mai kama da farin ciki, ganin marubucin da ake yi wa gumaka a manyan birane ya ɓata shafi sha shida a kan haraji.

“Ranar Juma'a ne fa,” in ji Nuriza. “Na riga na gaya wa kowa. Na ce Ene, kakata, ita ce ta fi son ta a duk duniya. Yanzu cewa za su yi Ene maƙaryaciya ce.”

“Ene ɗinki ba ta taɓa yin ƙarya ba. Ba ta da basirar. Ni na yi.”

Ya gaya mata labarin taba da shafuka, a taƙaice, ba neman gafara. Ta dube shi irin duban da ya yi shekaru yana yi wa 'yan aji shida.

“Kai da kake ba mutum sifili in ya ƙara kalma ɗaya a hadda?”

“Ni ɗin.”

“To ba zan sa rigar ba.”

Ta shige ɗaki ta rufe ƙofa. Rigar tana rataye a ƙusa inda matan unguwa suka rataye ta ranar jana'iza, allurar tana soke a kafaɗa. Ya daɗe yana kallonta. Ɗinkin Sairagul na ƙarshe ke nan, kuma in yarinyar ta ƙi sawa, akwati za ta shiga, asu ya cinye ta kafin bazara. Ya je ya ƙwanƙwasa ƙofar.

“Malamar taku littafi ta ce a kawo. Ta faɗi wane bugu?”

Daga ciki aka ce, “A'a.”

“To ki je ki zaɓo kabewa mai dogon wuya. Ba a yin Mai Fito ba agwagwa.”

Kwana uku yana rubutu, daga karin kumallo har la'asar. Ya yanka takardu daidai girman shafin tsohon littafin, ya jiƙa su da ruwan shayi ya shanya don kada farinsu ya yi yawa, ya sa musu lamba daga ɗari biyu da tara. Bai taɓa rubuta babin ba ko sau ɗaya, amma bai tsaya neman kalma ba. Nuriza tana gefe tana nata aikin ba ta yi masa magana sai in dole. Ta yi wa kabewa fukafukai da ɓawon masara, ido da 'ya'yan tuffa, baki da karas, wanda ya yanƙwane kafin Laraba aka sake wani. Ta dafa farin ulu da ɓawon albasa har gidan ya ɗauki wari, ya fito ja-ja, ta kitsa shi jela biyu. Orozbek ya sare reshen tuffa ya sassaƙa filafilin tuƙa kwalekwale, ya yanke yatsa.

Ran Alhamis Burul, ƙanwar Sairagul, ta zo daga ƙauyen gaba don ƙarasa hannun rigar. Shekara arba'in da uku ita da mijin yayarta suna zolayar juna, kuma ba ta ga dalilin da makoki zai hana ba.

“Jezde, mijin Yaya, wa ya ba ka wuƙa? Mutumin da bai iya yanka burodi daidai ba.”

“Ki yi abin da ya kawo ki. Ga wasu takardu ma za ki ɗinke min a cikin littafin nan.”

Ta sa tabarau ta karanta rabin shafi, sai ta sauke takardar a cinya ta yi dariya.

“Ashe dai ka rubuta ta. Sai da Yaya ta tafi.”

“Me kike nufi?”

“Kana zaton ba ta sani ba?”

Orozbek ya ajiye wuƙar.

“Kai, masu boko! Yaya ba ta iya Rashanci ba, amma ai tana da ido. Ko'ina a littafin kana lasar yatsa kana juya shafi. In ka zo wurin Mai Fito sai ka yi awa guda kana surutu, littafi a buɗe wuri ɗaya, ba ka juya ko ɗaya ba. Tun shekarar farko ta gane. Ni ta fara gaya wa, muna wanki.”

“Me ya hana ta magana?”

“Ta ce in ta yi magana za ka ji kunya ka daina. Ta ce a wurin nan kaɗai muryarka take laushi. Miƙo min almakashi. Ba wannan ba, Jezde, wannan na shinge ne.”

Ta ɗinke shafukan da zaren da ta ɗinka hannun rigar, ta kwashe maɓallai bakwai daga gwangwanin yayarta, ba biyu da suka yi kama, ta dasa. Nuriza ta gwada. Rigar ta kai mata idon sawu.

Ran Juma'a zauren makaranta ya cika da warin kabewa da rigunan sanyi. Orozbek da Burul suka zauna a benci na ƙarshe. An yi sarakuna uku, da kyarkeci, da wani yaro a cikin kwalin firji da ba wanda ya gane ko mene ne. Da aka kira Nuriza ta hau da filafili a hannu ɗaya, agwagwa a hammata, littafi a ƙirji.

“Wannan babin kakana ne ya rubuta,” in ji ta. “Sauran littafin wani ne ya rubuta, amma ba shi da daɗi sosai.”

Zaure ya ɗauki dariya. Malamar ta buɗe baki, ta hango Orozbek, wanda ya koyar da uwarta, ta rufe. Nuriza ta fara karatu.

Ta karanta yadda Mai Fito take goge wuƙa a hannun rigarta, da yadda take rera layin farko na kowace waƙa ta bar sauran, da yadda take kanne idon hagu in za ta zura zare, da yadda take yi wa agwagwa faɗa kamar surukarta. Orozbek yana bin kalmomin da leɓensa.

Burul ta matso ta yi ƙasa da murya.

“Yanzu dai da ba ta nan, gaya min tsakani da Allah. Ina matar take? Tana raye?”

“Wace mata?”

“Doguwar mana. Wadda ke tsaye kusa da kai a hoton gama jami'a. Yaya ta ce ita ce Mai Fito. Ta ce ba a ƙirƙiro mutum haka daga iska, sai wanda aka so. Ta ce ka so ta a birni, aka dawo da kai ƙauye aka aura maka 'yar makiyaya, shi ya sa kake kiran ta sau ɗaya a shekara.”

“Haka ta ce?”

“Ba da fushi ba fa. Ta ce, ‘Ko wace ce, yana da gaskiya. Ni ma ina son ta.’ Ka ga rigar ai. Wa zai ba da kiyiz irin wannan don wadda ya tsana?”

Orozbek ya yi ƙoƙarin tuno doguwar da ke cikin hoton. Ko sunanta bai zo masa ba. Mai ɗaukar hoto ne ya jera su bisa tsayi. Tsawon da jan gashin kuwa shi ya ƙara su da gangan a wancan hunturun, don kada amarya ta gane a yi masa dariya. Ya yi aikin da kyau. A duk abin da ya rubuta ko ya faɗa a rayuwarsa, wannan ɓoyon ne kaɗai ya yi nasara ɗari bisa ɗari.

A kan dandali Nuriza ta kai ƙarshen jawabin ma'aunin ƙasa. Ta ɗaga kai, ta kanne idon hagu, ta miƙa wa shugaban makaranta kabewar.

“Ka gama? To riƙe agwagwa.”

Shugaban ya riƙe. Aka yi tafi. Kyautar farko yaron kwalin firji ne ya ci, Nuriza ta samu takardar yabo da fakitin alawa.

Suka koma gida ta gefen gonakin da aka girbe, Burul da yarinyar a gaba suna gardamar ko za a dafa agwagwar ko a bar ta ta ruɓe da mutuncinta. A gida Nuriza ta cire rigar ta mayar da ita kan ƙusa. Orozbek ya ɗora ruwan shayi da kansa, ya zauna a bakin taga inda ya tarar da Sairagul, littafin yana kan gwiwarsa, yanzu ba shafin da ya ɓace. Sau arba'in da uku ta zauna a nan tana sauraro, tana goge wuƙar feren tuffa a hannun rigarta. Kowane karo kalma biyu ce ta rage ya faɗa mata, kuma kowane karo ya ga akwai baɗi.

Ke ce.